An bar jaki ana dukan taiki: nasiha ga matasa masu fushi da Super Eagles

'Yan uwana matasa, masu cika gidajen kallon ƙwallo da teburan masu shayi, yau da ku nake. Ban zo in hana ku jin haushi ba. Duk wanda ya ce halin da Super Eagles take ciki ba abin haushi ba ne, to ko dai bai san ƙwallo ba, ko kuma ba ruwansa da ƙasar. Tun da Najeriya ta fara zuwa gasar kofin duniya a 1994, sau ɗaya tak ta taɓa rasa gurbi kafin wannan zamani, wato a 2006. Yanzu ga shi sau biyu a jere: ba mu je Qatar a 2022 ba, kuma ta 2026 ma sai dai mu kalli wasu a talabijin. Abin da ya ƙara wa lamarin ciwo shi ne an faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe 48, an bai wa Afirka gurbi tara kai tsaye, har Cape Verde da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba ta samu shiga. Mu kuwa da muke da Osimhen, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2023, da Lookman, gwarzon 2024, muna gida. Wannan kam abin fushi ne.

Damuwata ita ce inda kuke kai fushin, da kuma yadda kuke sauke shi.

Da zarar alƙalin wasa ya hura usur ɗin tashi, kalma ɗaya ce a bakin kowa: a kori koci. Daga nan sai a koma kan gola, sai wanda ya ɓarar da fenariti, sai iyayensu. Kwana uku ana wannan, a na huɗu Arsenal ko Madrid ta buga wasa, kowa ya manta. Su kuwa waɗanda ke zaune a ofis suna riƙe da ragamar ƙwallon ƙasar, babu abin da ya fi musu daɗi irin wannan ihun naku, domin korar koci ita ce hanya mafi arha ta kwantar da hankalin jama'a. Takarda ɗaya ce za a rubuta, a fitar da sanarwa, ku yi tafi, su kuma su ci gaba da zama a kujerunsu.

Ku zo mu ƙirga tare. A Disambar 2021 hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta sallami koci Gernot Rohr, ana saura 'yan makonni a fara gasar kofin Afirka a Kamaru. Da yawanku kun yi murna a lokacin, kuna cewa ƙwallonsa ba ta da armashi, kuma akwai gaskiya a ciki. Aka miƙa wa Augustine Eguavoen riƙon ƙwarya. Tunisiya ta fitar da mu a Garwa, Ghana ta hana mu zuwa Qatar. Aka kawo Jose Peseiro ɗan Portugal, ya kai mu wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan ranar 11 ga Fabrairun 2024, Ivory Coast ta ci mu 2-1, kwantiraginsa ya ƙare ya kama gabansa. Aka naɗa Finidi George, ya buga wasa biyu na neman gurbin kofin duniya, kunnen doki da Afirka ta Kudu a Uyo da shan kashi 2-1 a hannun Benin. Wa ke horar da Benin ɗin? Rohr da muka kora. Hukuma ta ce za ta ɗauko Bature ta ɗora a kan Finidi, shi kuma ya ajiye aikin. A Agustan 2024 aka sanar wa duniya cewa an ɗauki Bruno Labbadia ɗan Jamus, ba a yi mako guda ba aka dawo aka ce maganar ta rushe saboda batun haraji, wato an yi shelar ɗaukar ma'aikaci kafin a gama ciniki da shi. Eguavoen ya sake dawowa riƙo. Sai a Janairun 2025 aka kawo Eric Chelle ɗan Mali.

Duk wannan a cikin shekara uku da 'yan kai. Idan korar koci ce maganin ciwonmu, ai da tuni mun warke har mun fara ba maƙwabta.

Ku duba lissafin rukunin da muka fito a neman gurbin kofin duniya na 2026. Wasa goma aka buga, koci uku suka ja ragamarsu. A wasa huɗun farko maki uku kacal muka samu cikin goma sha biyu: canjaras da Lesotho a gida, canjaras da Zimbabwe, canjaras da Afirka ta Kudu, sai kashin da Benin ta ba mu. Chelle ya zo ya tarar da ramin an riga an haƙa. A wasa shida da ya ja a rukunin ba a ci shi ko sau ɗaya ba, ya samo maki 14, muka ƙare da 17, Afirka ta Kudu ta wuce da 18. Maki ɗaya ne tsakani. To wanda yake zagin Chelle shi kaɗai, ya gaya mini ina ya ajiye makin da aka zubar tun a Nuwamban 2023, lokacin shi Chelle yana can yana horar da Mali.

Wannan ba wanke shi nake yi ba. A ƙarƙashinsa Zimbabwe ta farke mana a mintin ƙarshe a Uyo a Maris ɗin 2025, kuma da an riƙe wannan wasan da labarin ya sha bamban. A Rabat ta Maroko ranar 16 ga Nuwamban 2025, a wasan ƙarshe na cike gurbi na Afirka, mun fara cin Kwango tun a mintunan farko ta ƙafar Frank Onyeka, suka farke, Osimhen ya fita da rauni a hutun rabin lokaci, daga nan sai ƙungiyar ta zama kamar ba ta san hanyar raga ba har aka je bugun fenariti suka yi mana 4-3. Ƙungiyar da duk dabararta ta rataya a wuyan mutum ɗaya, dole a tambayi mai horar da ita. Sannan maganar da ya yi bayan wasan, cewa wani daga ɓangaren Kwango yana yin tsafi lokacin bugun fenariti, magana ce da ba ta dace da babban koci ba. Duk wannan ku faɗa, haƙƙinku ne. Amma ku faɗa da ilimi. Ku ce canjin da ya yi bai yi ba, ku ce tsakiya ta yi sako-sako, ku ce ba shi da wata dabara idan babu Osimhen. Wannan suka ce, kuma mai hankali zai saurara. Ashar ba suka ba ce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda kuka yi saurin mance abin da ya faru kafin wasan Gabon, wanda ya gabaci na Kwango, a wannan tafiya ta Maroko. Ana saura kwana biyu a buga wasan da makomar ƙasa ta rataya a kansa, 'yan wasa da jami'ansu suka ƙi fita atisaye saboda bashin alawus da suke bi. Koci ne ke biyan alawus? Gola ne? Kuma wannan ba sabon abu ba ne. A 2013 'yan wasa sun ƙi hawa jirgi daga Namibiya zuwa gasar da za a yi a Brazil saboda rigimar kuɗi. A kofin duniya na 2014 sun ƙaurace wa atisaye kafin wasan Faransa. A 2016 tawagar Olympics ta maƙale a Atlanta ta Amurka, sai ranar wasa ta sauka a Manaus, 'yan sa'o'i kafin ta kara da Japan. A 2016 ɗin dai 'yan matan Super Falcons sun ɗauko kofin Afirka, suka dawo suka yi zaman dirshan a otal a Abuja suna jiran haƙƙinsu. Shugabanni sun sauya, masu horarwa sun sauya, 'yan wasa sun sauya, ciwon yana nan yadda yake. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum sai ranar tafiyar ake neman wuƙa.

Ku tuna yadda aka yi da waɗanda suka yi mana aiki ma. Marigayi Shuaibu Amodu sau biyu yana samo wa Najeriya gurbin kofin duniya, na 2002 da na 2010, kuma sau biyun ana ture shi kafin a je, a ba wani ya ci guminsa. Marigayi Stephen Keshi ya ɗauko kofin Afirka a 2013 da yara irin su Sunday Mba da ke buga gasar cikin gida, amma washegarin nasarar sai da ya ce ya ajiye aiki saboda yadda ake mu'amala da shi, aka lallashe shi ya dawo, daga baya ya yi watanni yana bin bashin albashi. Rohr sai da ya kai ƙara FIFA kan kuɗinsa. A ɗaya ɓangaren, ƙungiyar 1994 da iyayenmu ke ba mu labarinta, wadda ta kai matsayi na biyar a jadawalin FIFA, Clemens Westerhof ya fara gina ta tun 1989. A wasansa na farko a kofin Afirka na 1990 Aljeriya ta zura masa 5-1. Da a zamanin Facebook ne, da kafin asuba kun kore shi. Senegal ta riƙe Aliou Cisse tun 2015, ya sha kashi a wasan ƙarshe a 2019, ba a kore shi ba, ya dawo ya ɗauki kofin a farkon 2022. Maroko kuwa ta gina makarantar horar da yara ta Sarki Muhammad na Shida, ta jira fiye da shekara goma, sai ga ta a wasan kusa da na ƙarshe a Qatar, sai ga matasanta 'yan ƙasa da shekara 20 da kofin duniya a 2025.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi sa ni rubutun nan, wato halinmu mu 'yan kallo, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ranar 29 ga Maris 2022, bayan an tashi 1-1 da Ghana a filin Moshood Abiola na Abuja, matasa suka tsallaka cikin fili suka farfasa abin da suka samu, suka kifar da rumfunan zaman 'yan wasa. Filin da ba a daɗe da gyara shi da kuɗin Dangote ba. Me aka samu? FIFA ta ci Najeriya tarar kuɗin Switzerland 150,000, ta kuma sa aka buga wasa ɗaya ba 'yan kallo. Babu jami'i ko ɗaya da ya biya wannan tarar daga aljihunsa, kuma ƙwallon da Thomas Partey ya ci wa Ghana ba ta fito daga raga ba. A nan gida ma mun gani. A Oktoban 2025 magoya baya suka afka cikin filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata bayan Shooting Stars ta farke wa Kano Pillars ana dab da tashi. Aka zabtare wa Pillars maki, aka ci ta tara, aka ɗauke wasanninta na gida daga Kano, Ahmed Musa ya fito yana ba da haƙuri a madadin mutanen da suka ce wai son ƙungiyar ne ya sa su. Mai sayar da ruwa da mai tsire da ɗan adaidaita da ke samun na cefane ranar wasa, su ne suka kwana a ciki.

Sai kuma zagin da ake yi ta waya, wanda ya fi na fili muni saboda mai yinsa yana kwance a ɗaki yana ganin ba wanda ya gan shi. Maduka Okoye ya sha barazanar kisa bayan ƙwallon Tunisiya a 2022. Alex Iwobi sai da ya goge hotunansa a Instagram bayan wasan ƙarshe na 2024 saboda ruwan ashar, har Ahmed Musa ya fito ya roƙi jama'a su bari. Mu 'yan Arewa ya kamata mu fi kowa sanin zafin wannan, domin an yi wa namu. Sani Kaita ya karɓi jan kati a wasan Girka a 2010, aka bi shi da barazanar kisa kamar ya ci amanar ƙasa a fagen yaƙi. Yaro ne ya yi kuskure cikin daƙiƙa ɗaya a gaban duniya. Kai da kake zagin, sau nawa ka ɓarar da ƙwallo a filin unguwa da gola ma babu?

Kuma ka tsaya ka duba wa kake zagi. Ɗan wasa ya ɓarar da fenariti, kai kuma ka kama sunan mahaifiyarsa, baiwar Allah da wataƙila ko kallon wasan ba ta yi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa zagin iyaye cikin manyan zunubai, da aka tambaye shi ta yaya mutum zai zagi iyayensa, ya ce ya zagi uban wani a zagi nasa, ya zagi uwar wani a zagi tasa. Hadisin bai ware ranar da Najeriya ta sha kashi ba. Abin da ka rubuta da babban yatsa a rubuce yake, ko da ka goge shi da safe. Haka nan cewa wane ɓarawo ne, wane ya sayar da wasa, wane ya karɓi cin hanci kafin ya gayyaci ɗan wasa, ba tare da hujja ba sai don ka gani a wani shafi, wannan ƙazafi ne ko da a kan ƙwallo aka yi shi. Akwai tazara mai nisa tsakanin ka ce a fito a yi bayanin inda kuɗi suka shiga, da ka yanke wa mutum hukuncin sata daga kan benci.

Wani abu kuma da ba a son faɗa: rabin wannan fushin ba kishin ƙasa ba ne, tikitin caca ne ya yage. Yaro ya zuba kuɗin da ya tara ko ya ranto, ya ce Najeriya za ta ci da ƙwallo biyu, wasa ya tashi canjaras, sai ya zo yana kuka da sunan ƙasa. Ana gane su, domin ko an yi nasara sai ka ji suna tsine wa ɗan wasan da bai ƙara ta uku ba. Ɗan uwa, idan kana cikin waɗannan, matsalarka ta fi ƙarfin NFF, kuma babu kocin da zai gyara maka ita. Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne, kowa ya san ayar da ta haɗa ta da giya.

Akwai kuma tarkon ɓangaranci, wanda nake ganin wasunmu suna faɗawa ciki da ƙafa biyu. Saboda shugaban hukumar da aka zaɓa a 2022, Ibrahim Musa Gusau, ɗan Zamfara ne, sai wasu 'yan Kudu su mayar da sukarsa zagin Arewa, mu kuma sai mu ɗaura ɗamarar kare shi ko da me ya faru, wai namu ne. Duka biyun shirme ne. A zamanin Amaju Pinnick ɗan Delta aka rasa gurbin 2022, a zamanin Gusau aka rasa na 2026. Ƙwallo ba ta tambayi jihar kowa ba. Wanda ya zagi yankinku ku ba shi amsa da mutunci ko ku ƙyale shi, amma kada hakan ya sa ku kasa tambayar shugaba abin da ya yi da amanar da aka ba shi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Masu cewa shugaban ƙasa ya rushe hukumar gaba ɗaya kuwa, su san cewa an gwada. A 2010 Goodluck Jonathan ya sanar da janye Najeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa na shekara biyu, FIFA ta yi barazana, cikin 'yan kwanaki ya janye maganarsa. A Yulin 2014 wata kotu a Jos ta dakatar da shugabancin Aminu Maigari, FIFA ta dakatar da Najeriya har sai da aka mayar da su. A 2022 Kenya da Zimbabwe sun sha irin wannan dakatarwa saboda gwamnati ta sa hannu. Wannan ƙofar a rufe take, ihu ba zai buɗe ta ba.

Ƙofar da take a buɗe ita ce wadda ba ku kallo. Shugaban NFF ba daga sama yake faɗowa ba, zaɓensa ake yi duk shekara huɗu, kamar yadda aka zaɓi Gusau a birnin Benin a Satumban 2022. Mafi yawan masu kaɗa ƙuri'ar kuwa shugabannin hukumomin ƙwallo ne na jihohi 36 da Abuja. Wato akwai mutum a jiharku, wataƙila kuna haɗuwa da shi a masallacin Juma'a ko wajen ɗaurin aure, wanda ƙuri'arsa ke yanke wanda zai riƙe ƙwallon Najeriya. Cikinku mutum nawa ne suka san sunansa? Kun haddace 'yan wasan benci na Chelsea, kun san albashin Haaland na mako, amma ba ku san wanda ke wakiltar jiharku a babban taron hukumar ba, balle ku tambaye shi wa ya zaɓa kuma don me, ko gasar yara nawa ya shirya a bana.

A nan ya kamata zafin nan naku ya sauka. FIFA na ware wa kowace ƙasa har dala miliyan 8 a zangon 2023 zuwa 2026 don gudanarwa da raya ƙwallo. Tambayar inda rabon Najeriya ya tafi tambaya ce halattacciya, ba ta buƙatar ashar ko ɗaya. Me ya sa duk wasanninmu biyar na gida a neman gurbin 2026 a Uyo aka buga su, ƙasa mai girman Najeriya, alhali ga filaye a Kaduna da Kano da Legas da suka karɓi manyan gasanni a baya? Wannan ma tambaya ce, kuma wani ɓangarenta na gwamnonin jihohi ne da hukumar wasanni ta ƙasa, ba na NFF kaɗai ba. Kwantiragin koci na shekara nawa ne, kuma ana biyansa a kan kari? An rubuta yarjejeniyar alawus da 'yan wasa tun kafin a fara gasa, ko sai an je otal za a fara ciniki? Ina 'yan ƙasa da shekara 17 da suka ɗauki kofin duniya har sau biyar, na ƙarshe a 2015 da su Osimhen da Chukwueze, me ya same su tun daga lokacin?

Gidajen rediyonmu suna da shirye-shiryen wasanni da ake buɗe layi, kuma jami'an nan suna zuwa a yi hira da su. Idan ka samu layi, minti ɗaya za a ba ka. Kada ka ƙarar da shi wajen cewa koci bai iya ba, wanda ya kira kafin kai ya riga ya faɗa. Ka gaishe da baƙon da girmamawa, ka ce ranka ya daɗe, sannan ka tambaye shi ɗaya daga cikin waɗannan, ka kuma roƙi mai gabatarwa kada ya bari a wuce sai an amsa. Idan ba a amsa ba, wani ya sake kira mako mai zuwa da tambayar.